Taba Sigari da Magudanan Huhu

Duk ɗalibin da ya tashi a Kirikasamma ko ƙauyukan da ke bakin fadamar Kogin Hadeja ya san ɓarnar da ciyawar kacala ta yi wa wannan yanki. Takan tsiro a cikin magudanar ruwa, ta tare laka, har ruwa ya kasa isa gonakin shinkafa, kwalekwalen masunci kuma ya rasa hanya. Da wannan misali nake so mu duba abin da hayaƙin taba yake yi a ƙirjin ɗan Adam, domin shi ma huhu magudanai ne.

Iskar da muke shaƙa takan bi maƙogwaro ta shiga bututu biyu, waɗanda suke rarrabuwa zuwa ƙananan rassa, har su ƙare a jakunkunan iska sama da miliyan 300. A nan ne oksijin yake ratsawa cikin jini. A jikin bangon bututun akwai wasu gasusuwa ƙanana ƙwarai, waɗanda sai da madubin ƙara girman abu ake ganinsu. Dare da rana suna kaɗawa, suna tura majina da ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa sama don a fitar da su. Su ne masu yasar magudanar. Hayaƙin taba yakan kashe musu jiki, sa'an nan ya hallaka su, sai majina ta taru. Wannan shi ne asalin tarin da mashayi yake yi da asuba. Idan aka daɗe a haka, bangon jakunkunan iska yakan yayyage, kuma abin da ya yage ba ya sake tsirowa. Ƙurar hunturu da hayaƙin bandar kifi kuwa sai su tarar da ƙofa a buɗe, haka ma ƙwayar tarin fuka, wadda ta fi saurin kayar da mai shan taba.

A cikin hayaƙin akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Akwai kwalta, wadda take manne wa huhu. Akwai iskar kabon monoksaid, wadda take kama jan sinadarin jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sau ɗari biyu da wani abu, don haka mashayi yakan yi haki tun kafin a je hutun rabin lokaci a filin ƙwallo. Sai kuma nikotin, wanda yake isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin, shi ne kuma igiyar da take ɗaure mutum. Wani masunci ya taɓa ce mini sigari ce take ɗumama shi idan ya shiga ruwa da sanyin safiya. Na gaskata cewa haka yake ji, amma nikotin tsuke jijiyoyin jinin fata yake yi, sai yatsu su ƙara sanyi, zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau. Daga nan ake samun ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ba zato ne ya kai masana ga wannan ba. A shekarar 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna dangantakar taba da dajin huhu a Ingila. Daga 1951 suka shiga bin lafiyar dubban likitocin ƙasar, binciken da ya kai shekara 50. Sakamakonsa shi ne, kusan rabin waɗanda suka dawwama a kan shan taba ita ce ajalinsu, kuma sukan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutane sama da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu kuwa ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Shisha da tabar gari da ake cusawa a baki ba mafita ba ne.

Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗaya-ɗaya. Amma a ganina mai tebur a bakin tasha bai san da ita ba, kuma da karan nan guda yaro yake farawa.

Wanda ya daina, jikinsa ba ya ɓata lokaci. Cikin awa 12 kabon monoksaid yakan ragu a jini ya koma daidai. Cikin 'yan watanni gasusuwan nan sukan farfaɗo, tari ya lafa. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi. Binciken Doll ya nuna wanda ya bari yana ɗan shekara 30 yakan tsira daga kusan dukkan asarar. Kwanakin farko ne masu wuya, da fushi da rashin barci, amma sukan yi sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu.

Malamin kimiyya yana iya nuna wa ɗalibai kwalta da idonsu. Ya sami gorar roba, ya huda murfinta, ya sa guntun tiyo, ya cusa farar auduga a bakin tiyon ta ciki, ya maƙala sigari ta waje. A fita fili, ɗalibai su tsaya nesa da inda iska take kai hayaƙin. Malam ya kunna, ya riƙa matsa gorar yana saki har karan ya ƙare, sa'an nan ya ciro audugar a kwatanta launinta da na sabuwa.