KARAYAR YATSA

A ƙasar Batsari da ta Safana, can yammacin Jihar Katsina, hannun yaro ba ya hutawa. Wannan yana jan guga, wancan yana langa, waccan kuwa tana daka. Saboda haka a kan sami wanda ƙyaure ya datse wa yatsa, ko taɓarya ta buge, ko ya faɗo daga kan jaki ya dafa ƙasa da hannu.

Yatsun hannu guda suna da ƙasusuwa 14. Babban yatsa yana da biyu, sauran huɗun kuwa uku uku. Ƙashin yaro ba kamar na babba ba ne. Kusa da gaɓa akwai guringuntsi mai taushi, daga nan ne ƙashin ya ke tsawo. Idan wurin nan ya karye ba a gyara shi daidai ba, yatsan yana iya girma a karkace.

Sau da yawa mutane su kan ce, "Ai targaɗe ne, tun da yana motsa shi." Wannan kuskure ne, gama karyayyen yatsa ma ya kan motsa. Ga alamun da a ke dubawa. Wurin ya kan kumbura, jini ya kwanta, yaro ya yi ƙara in an taɓa ƙashin. Sa'an nan a kan sa shi ya dunƙule hannu a hankali. Idan wani yatsa ya hau kan ɗan'uwansa, ko farcensa ya kalli wani gefe dabam, to, lalle ƙashin ya juya.

Abin da za a fara yi shi ne a zare zobe in akwai, tun kumburi bai riƙe shi ba. A ɗora tsumma mai ruwan sanyi, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Kada a ja yatsan, kada a murza shi. In da rauni, sai a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti nan take.

Akwai babban asibiti a Batsari, akwai kuma a Dutsin-ma, maƙwabciyar Safana. In karayar ta yi tsanani, a kan tura yaro Katsina, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Likita ya kan sa a ɗauki hoton ƙashin da wani irin haske mai ratsa tsoka, wanda wani Bajamushe, Rontgen, ya gano a 1895. In tsagewa ce kawai, sai a sa auduga tsakani, a ɗaure yatsan tare da na kusa da shi. In ƙashin ya goce, sai a yi allurar kashe zafi, a mai da shi wurinsa, a tallafe shi. Cikin mako uku ko huɗu yawanci ya kan haɗe.

Da ya ke ƙashin yaro yana saurin haɗewa, jinkiri yana da haɗari. In an yi mako guda ko biyu, ya riga ya fara kamawa yadda ya ke, gyara kuwa sai ta yi wuya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Wani haɗarin kuma shi ne ɗauri mai tsanani. Ko ɗorin gida ne ko na asibiti, in aka matse ƙwarai, jini ba zai kai bakin yatsa ba. Idan yatsa ya yi sanyi, ko ya mutu ba ya jin taɓi, ko farce ya yi duhu, lalle a sassauta ɗaurin, a garzaya wurin likita, don kada a kai ga yanke shi. Yaro mai hankali ba ya ɓoye ciwo don tsoron faɗa, gama da yatsun nan ne zai riƙe alƙalami da fartanya.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a yatsun hannu guda?
2. Don me a ke sa yaro ya dunƙule hannu?
3. Waɗanne alamu ke nuna ɗauri ya yi tsanani?