Gero da Dawa: Gona Ɗaya, Girbi Daban

Kishiyata,

Uwarki ta zo nan ranar Litinin, muna gyaran wake a tsakar gida, sai zancenki ya faɗo. Ta ce wata huɗu ke nan rabonki da tsayawa cikin mawaƙa, kin kuma mayar wa fasto littafin koyar da yara na makarantar Lahadi. Da dare in kowa ya kwanta, hasken waya ne ke leƙowa ta ƙarƙashin ƙofarki har kusan asuba. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata da tambaya. Ranar bikin 'yar baffanki na lura da ke: baki na murmushi, ido na ƙirga zannuwan mutane.

Na san wannan idon, don na yi shekara shida ina yawo da shi.

A 1975, da aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji har da na watannin baya, ƙawata ta ƙuruciya, wadda aka yi mana baftisma rana ɗaya a rafi ɗaya, ta zo gida Kirsimeti daga Kaduna. Mijinta akawu ne. Suka iso a kan sabon babur, ga rediyo mai kaset, ga leshi har ƙasa. Kakanki kuwa mai bishara ne a ƙauye, albashinsa 'yan dammunan dawa ne da abin da ya faɗo cikin faifan baiko. Udoji bai ma san da zamansa ba. Ranar na ce kaina na ciwo, na ja ƙofa na kwanta, ina jiyo gangar Zumuntar Mata daga bakin majami'a. Ni ce kuwa mai ba da waƙa a lokacin.

Na san abin da mutane kan faɗa a nan don sanyaya zuciya. Za su ce kada hoton Facebook ya ruɗe ki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wadda kike hange tana kuka a ɓoye. Wani lokaci haka ne. Amma ni ba zan lallashe ki da wannan ba, domin ƙawata ba ta kuka a ɓoye. Mijinta mutumin kirki ne, 'ya'yanta sun yi karatu, ta rayu cikin wadata, ta kuma rasu tana yabon Ubangiji. In kwanciyar hankalinki sai kin tabbatar da cewa 'yar'uwarki na shan wahala, to ciwon yana nan, riga kawai ya sauya.

Abin da na yi asara ba leshi ba ne. Ƙawata ta koyi ɗinki a Kaduna, ta ce in zo ta koya mini, har za ta bar mini tsohon kekenta. Na ce aikin gona ya yi mini yawa. Ƙarya ce. Ba na son in zauna a gabanta a matsayin mai koyo ne. Sai a 1981 na haɗiye girman kai na je. Da wannan keken na biya kuɗin makarantar uwarki da ƙannenta biyu. Ki lissafa mini riguna nawa ake ɗinkawa a shekara shida.

Abin da ya karya ni kuwa, babi na ƙarshe ne na Bisharar Yohanna. Kakanki na karanta shi wata maraice da fitilar ƙwai, yana shirin wa'azi, ni ina ɓarar gyaɗa. Kin san wurin. Bitrus ya yi musun sanin Ubangiji sau uku, ya koma kamun kifi, ga shi a bakin teku an gasa masa kifi da gurasa. Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa kiwon tumakinsa, ya ma nuna masa irin mutuwar da zai yi. Mutumin da aka wanke wa wannan babban laifi, aka kuma ba shi wannan babban aiki, me ya fara yi? Ya waiwaya, ya ga Yohanna na biye da su, ya ce shi wannan fa, ina rabonsa? Yesu bai yi masa bayanin komai a kan Yohanna ba. Ya nuna masa cewa wannan ba huruminsa ba ne, nasa shi ne ya bi. Na ajiye kwaryar gyaɗa na yi shiru. Shekara shida ina tambayar Allah labarin wata, alhali bai taɓa yi mini alkawarin ba ni labarin kowa ba sai nawa.

Akwai kuma abin da zan faɗa miki wanda ba zai yi miki daɗi ba. Uwarki ta ce kin bar mawaƙa ne don wata sabuwar yarinya ta fi ki murya, kin ce gara ki ba waɗanda suka iya wuri. Kina kiran wannan tawali'u. Ni ma haka na kira ciwon kaina na ƙarya. Buɗe Matiyu sura 25 ki duba misalin talanti. An ba wani biyar, wani biyu, wani ɗaya. Mai biyu bai taɓa kamo mai biyar ba, ko kusa, amma ki karanta da kyau, yabon da maigida ya yi musu iri ɗaya ne, ba ragi ba ƙari. Wanda aka tsawata wa shi ne mai ɗaya, kuma ba sata ya yi ba, ba caca ya yi ba. Tsoro ya ji, ya haƙa rami ya binne. Yaran nan da kike koya wa ayar haddacewa, su ba su san akwai wadda ta fi ki ba. Sun dai san malamarsu ta daina zuwa.

Ikilisiyar da aka haife ki a cikinta ma, ba gwanaye suka fara ta ba. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasarmu: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas yana aika wa sauran kaya. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma Kanada hannu rabbana. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi gida. Tawaga ta uku ce ta kafa tasha a Pategi a 1902, shi kuma yana can yana neman kuɗi da ma'aikata. Daga wannan aikin na mishan ɗin SIM ne ikilisiyarmu ta ECWA ta fito a 1954. In da awon jaruntaka za a yi, Bingham ne na baya cikin ukun. Na kan yi tunanin dararen da ya kwana yana tambayar kansa ko shi ma an kira shi kuwa.

Ke 'yar birni ce, amma kin yi hutu a nan kin ga gonarmu. Gero da dawa a kunya ɗaya ake shuka su, ruwa ɗaya suke sha. Wata uku gero ya nuna, a yanke, a yi fura, gari ya ɗauka da murna. Dawa na tsaye kore shar, ba kai ba komai, kamar wadda aka manta da ita. Sai ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara busowa, sannan ta sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin manomin da ya tuge dawarsa a watan Agusta don ba ta yi abin da gero ya yi ba. Abin da yakan duba shi ne ko ta fi tsawon da take makon jiya, ko ciyawa ta shaƙe ta.

To ke ma duba ciyawar. Ban ce ki jefar da waya ba, da ita kike neman aiki, amma ta kwana a ɗakin uwarki. Wanda ya kwanta da bikin mutum hamsin a idonsa ba zai tashi da godiya ba. Yarinyar nan mai murya kuma, ki riƙa ambaton sunanta cikin addu'a kowace safiya, ki roƙa mata ƙari. Makon farko bakinki zai yi nauyi kamar kina tauna maɗaci, na sani, na yi. Daga baya ki je ki ce ta nuna miki yadda take jan numfashi. In kuma rashin barcin ya ƙi tafiya, ko abinci ya fita ranki, ki gaya wa uwarki ku ga likita. Iliya ma da ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da barci Allah ya fara ba shi kafin magana.

Ranar Asabar motar kasuwa na tasowa da sassafe. Ki zo, ki taho mini da zare baƙi da man keke. Keken nan yana nan lulluɓe a ƙuryar ɗaki, idona ya daina ganin kafar allura, ga kuma anko ɗin Zumunta yadi shida yana jira tun Ista.

Kakarki.