Darasin Kiwon Lafiya: Taimakon Mai Son Barin Tramol

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Kurfai, darasinmu na yau a kan tramol ne, wanda likitoci ke kira tramadol. Maganin ciwo ne mai ƙarfi. Likita ba ya barin babban mutum ya wuce miligram 400 a yini, amma ƙwayar da ake sayarwa a ɓoye, guda ɗaya tana kai miligram 225 ko 250. Wasu samari suna shan ta lokacin noman gero ko a wurin ci-rani, don kada su ji gajiya. A kwana a tashi sai jiki ya saba, mutum ya kasa aiki sai da ita. Yawanta yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya tsai da numfashi.

Wanda ya kai wannan hali marar lafiya ne. Zagi da ɗauri ba su warkar da shi. Kama dillalai aikin hukuma ne, bisa dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta shekarar 1999. Aikin asibiti kuwa magani ne da riƙe sirri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka kowa da nasa aikin:

1. Wakilin lafiya na gari ya zanta da mutumin a keɓe, ya raka shi asibiti.

2. Malamin asibiti ya tambaye shi ba da faɗa ba: ƙwaya nawa a yini, tun yaushe, da me yake haɗa ta? Ya kuma bincika ciwon da ya sa aka fara sha, kamar ciwon baya.

3. Likita ya tsara ragewa kaɗan-kaɗan. Yankewa dare ɗaya yana kawo zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da firgita. Kwanakin farko sun fi wuya, amma galibi jiki yana yin sauƙi cikin mako ɗaya zuwa biyu.

4. In akwai jijjiga, ko ruɗewa, ko maganar kashe kai, a gaggauta kai shi asibitin Filinge. In abin ya yi tsanani, sai a tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a Yamai, tafiyar kimanin kilomita 180.

5. Iyali su ba shi abinci da ruwa, su rage masa aikin gona, su tuna masa ranar komawa asibiti.

Ku lura ƙwarai: sha'awar ƙwaya tana daɗewa watanni bayan jiki ya yi sauƙi. In mutum ya koma sha, kada a kore shi, a mai da shi asibiti da wuri. Haɗarin wannan lokaci babba ne, domin jikinsa ya daina sabo, kuma adadin da yake sha a da yana iya kashe shi yanzu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci:

a) Don me ba a yanke tramol dare ɗaya?
b) Waɗanne alamu ne ke sa a kai mutum asibitin Filinge da gaggawa?
c) Wa zai taimaki mai jinya da noma a garinku?