Filin Shawara: Ɗanmu na karatun da ba mu gane kansa ba

Anti, ni uwa ce daga Kekun Waje. Tumaki muka sayar muka kai ɗanmu Jami'ar Tarayya ta Gusau muna fatan likita, sai ya ɓige da karatun fizik. Wai bincikensa kan yadda wasu ƙwayoyi ke dukan ƙarfe ne. Mahaifinsa ya ce asara muka yi, ya dawo gona. Yanzu yaron ko magana ba ya yi a gida.

Haba 'yar'uwa! Yaro ya yi shiru a gidan ubansa, ke kuma tumaki kike lissafi? Shirun nan ne ya dame ni. Ɗan da aka raina wa abin da yake so, in ya rufe baki yau, gobe ƙafa zai ɗauke.

Rashin sani ya fi dare duhu, to bari in haska miki. Kin san testar masu gyaran wuta? Ɗan ƙwan cikinta mai yin ja, iskar niyon ce a ciki da 'yan ƙarafa biyu. Wuta na shiga, sai wasu ƙwayoyin iskar su rasa ilektron ɗinsu, wato ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke jikinsu, su zama abin da ake kira ayon, su ruga su daki ƙarfen. Dukan nan ke tayar da ilektron na jikin ƙarfen, wasu su fito su kara da sauran iskar, haske ya ɗore. Ayon mai gudu da ƙarfinsa yake fizgo su. Mai tafiya a hankali kuwa, yana kusantar ƙarfen zai ja ilektron ɗaya ya cike giɓinsa, rarar ƙarfin ta tunkuɗo wani waje. Wani masani mai suna Homer Hagstrum ya yi bayanin wannan a Bell Labs ta Amurka a 1954. Baƙin da bakin dogon ƙwan lantarki ke yi in ya tsufa ma aikin dukan ne. Da irinsa ake ƙera kayan cikin wayar hannunki.

Kada ki ja da maigidanki a gaban yara. Ki bari ya ci tuwo ya huta.

Sannan ki sa yaron ya aro testa, ya nuna wa babansa da hannunsa. In hutu ya zo, ya riƙe fartanya ya shiga gona, uba ya ga bai fi ƙarfinta ba.

Ku ma iyaye, duk mun taɓa jin haushin karatun da ba mu san amfaninsa ba. Ku zaunar da yaran ku tambaye su me suke koyo, kuma ku jira su gama amsawa.