Kula da Kayan Ɗaki na Katakon Haɗi

Jama'ar Urafane da kewaye, yau da wuya a kai amarya ɗaki ba tare da gado da kwaba da madubi na katakon haɗi ba, irin wanda ake sayowa a kasuwar Tasawa ko Maradi cikin kwali, kafinta ya zo ya ɗaure. A da iyayenmu gadon ƙarfe da akwatin ƙarfe suke saye, har jika ta gada. Na yanzu ya fi kyan gani, ya fi araha, amma sau da yawa kafin a yaye ɗan fari ƙafarsa ta zube. Sai a ce ɗan kasuwa ya yi algus. Wani lokaci haka ne, amma yawanci rashin sanin halin katakon ne.

Wannan katako ba daga gindin itace aka tsago shi ba. Garin katako ne aka cuɗa da gam, aka matse a inji, aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ne ya yayata sayar da kayan ɗaki cikin kwali tun wajen 1956, kuma wannan katako an tsara shi ne don ɗaki mai busasshen daɓe. Mu kuwa ɗakunanmu na ƙasa ne ko siminti mai tsatsafo.

Saboda haka babban abokin gabarsa ruwa ne. Da ya sha ruwa sai ya kumbura kamar gurasar da aka jiƙa, kuma ko rana ta busar da shi ba ya komawa yadda yake. Ruwan nan ba na yoyon rufi kaɗai ba ne a watan Agusta. Uwargida, dubi yayyafin da kike yi kowace safiya kafin shara, da randar da ke jingine da kwaba tana naso, da tsumman goge daɓe da ke lasar ƙafar gado. Ta ƙasa ɓarnar take farawa, inda ledar ba ta rufe ba. Maganinta ba shi da tsada: a sa bulo ko guntun tayil ƙarƙashin kowace ƙafa, a janye kayan daga bango kamar faɗin tafin hannu, a shafe duk bakin katakon da ke tsirara da fenti ko banish tun ranar jere. Wannan tazara kuma ita za ta ba ki damar ganin hanyar gara tun tana sabuwa, ki kankare ta.

Ƙurar hunturu busasshen ƙyalle ya ishe ta. Kaskon turaren wuta kuwa a nisanta shi, domin zafi yana ɗaye leda.

Sai maganar nauyi. Jeren kwalla da tasoshi abin alfahari ne, amma allon kwaba yana lanƙwasa. Masu nauyi su zauna a ƙasa. Doguwar kwaba a ɗaure ta da bango, kada yaro ya ja ƙofa ta rufto masa.

Maigida, naka aikin shi ne ɗaurin ƙusoshi. In gado ya fara ƙara, sukurun ya saki ne. A ƙara masa ɗauri da hannu, a tsaya da ya kama. In ramin ya cinye, a cusa tsinken ashana da farin gam, a bari ya kwana, a mayar. Kada a buga ƙusa da guduma, tsagewa zai yi. Kada a ja kwaba a ƙasa, a ɗaga ta mutum biyu bayan an kwashe kayan ciki. In tashi ya kama, a kira kafinta ya kwance kafin a ɗora a amalanke, a ƙulle ƙusoshin cikin leda guda.

Iyayen amare, ranar da za ku biya kafinta kuɗin haɗi, ku ƙara masa na fenti da bulo huɗu, ku tsaya a kansa har ya sa.