Matambayi Ba Ya Ɓata

Karatu: Luka 10:25-37

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mukan karanta sura guda kowace safiya, amma kafin rana ta yi tsaka mun manta da abin da ke ciki. Dalili kuwa, mun bi ta kan kalmomi ba mu tambaye su kome ba. Ubangijinmu kansa, yana ɗan shekara 12, an same shi cikin haikali yana sauraron malamai yana yi musu tambayoyi (Luka 2:46). Bari mu gwada tambayoyi huɗu bisa labarin Basamariye mai jinƙai.

1. A ina abin ya faru? A hanyar Urushalima zuwa Yariko. Tsawonta kamar mil 17 ne, gangara ce mai duwatsu da jeji, maɓoyar 'yan fashi. Wanda ya tsaya a wurin ya sa ransa cikin hatsari.

2. Su wane ne cikin labarin? Firist da Balawi ma'aikatan haikali ne, 'yan'uwan mai raunin ne kuma, sun san shari'a sarai. Basamariye fa? II Sarakuna 17 ya nuna mana yadda Assuriyawa suka ci Samariya wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Kristi, suka zuba baƙi a ƙasar. Gaba mai tsanani ta daɗe tsakanin Yahudawa da Samariyawa. A Luka 9:52-53 ma wani ƙauyensu ya ƙi karɓar Yesu. Duk da haka daga cikinsu ya zaɓi mutumin kirki na misalinsa.

3. Me ya ci masa? Mansa, da ruwan inabinsa, da dabbarsa, da kwana guda, da dinari biyu. Matiyu 20:2 ya nuna dinari guda lada ne na aikin yini. Wato ladan kwana biyu ya ba mai masauki, ya kuma ɗauki nauyin abin da zai ƙaru. Ku lura, aya ce ta buɗe mana aya.

4. Me ya ke bukata gare mu? Wannan ita ce mai wuya. Wane ne Basamariye a wurinmu? Wataƙila ɗan wata kabila ne, ko wanda ba ya bin addininmu, ko wanda muka yi rigimar gona da shi. Idan ba mu kai ga wannan tambaya ba, karatunmu bai gama ba.

Sai dai mu yi hankali, gama tambaya iri biyu ce. Masanin Attaura ya yi tasa domin ya gwada Yesu, ya kuma baratar da kansa. Yana neman iyakar inda ƙauna za ta tsaya. Mutumin Habasha kuwa ya tambayi Filibus ko wa annabi Ishaya ke nufi, domin yana son gaskiya, ya kuwa tafi da murna (Ayyukan Manzanni 8:26-39). Wace iri ce tamu?

Aikin wannan wata: ku karanta labarin Zakka cikin Luka 19:1-10 tare da iyalinku, ku rubuta amsar tambayoyin nan huɗu. Wadda ta gagare ku, kada ku ji kunya, ku kai wa pasto ko dattawan ekklesiya. Kafin ku buɗe Littafi kuma, ku roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba ku ganewa da zuciyar biyayya.