Tsakanin Ƙofar Makaranta da Ƙofar Ma'aikata

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makon nan sun haɗu a kan magana guda, wato makomar matashi mai nakasa daga ranar da ya kammala makaranta, domin a wannan rana ce tsarin da ya riƙe shi shekara da shekaru yake sakin hannunsa, alhali babu wanda ya miƙo hannu don karɓarsa. Wata Hajiya daga Zariya, wadda ɗanta yake da jinkirin fahimta, ta ji an ambaci shirye-shiryen da ake yi a Amurka domin ƙetarar da irin waɗannan yara daga aji zuwa bakin aiki, sai ta nemi a fayyace mata yadda abin yake. Wani Malam kuma, mai koyarwa a wata makarantar kurame a Kano, ya tambaya ko dokar Nijeriya ta tanadi makamancinsa.

Amsar Hajiya tana farawa ne daga dokar da majalisar Amurka ta zartar a 1975, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu nakasa kyauta, aka kuma sake mata suna a 1990 ta zama IDEA, tare da ƙarin sharaɗin cewa dole makaranta ta shirya yaron domin rayuwar da ke jiransa bayan karatu. Kowane ɗalibi yana da rubutaccen tsarin karatu na kansa, wanda malamai da iyaye suke zama su sabunta a kowace shekara, kuma tun daga gyaran da aka yi wa dokar a 2004, kafin ya wuce shekara 16 dole tsarin ya ƙunshi aikin da yake son yi da matakan da za su kai shi gare shi, sannan dole a gayyace shi da kansa wurin zaman. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi nauyi fiye da yadda ake zato, tun da a kusan ko'ina an saba yi wa mai nakasa aski a bayansa. A 2014 aka ƙara wata dokar da ta tilasta wa hukumomin jihohi masu samar wa nakasassu sana'a su ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da suke karɓa daga gwamnatin tarayya domin horar da ɗalibai tun suna makaranta.

Sai dai doka takarda ce, kuma abin da zai fi amfanar Hajiya shi ne ganin yadda ake aikin a zahiri, wanda shirin Project SEARCH ya fi kowane fito da shi. An fara shi a 1996 a asibitin yara na birnin Sinsinati da ke jihar Ohayo, lokacin da Erin Riehle, shugabar sashen agajin gaggawa, ta lura cewa ƙananan ayyuka irin su jera kayan aiki a ma'ajiya ba sa riƙe ma'aikaci, yau an ɗauka gobe ya tafi, ga kuma matasa masu jinkirin fahimta da asibitin yake yi wa magani amma bai taɓa tunanin ɗaukarsu aiki ba. Ta haɗa kai da Susie Rutkowski, jami'ar ilimin masu buƙata ta musamman, suka ɗauke ajin irin waɗannan matasa dungurungum suka kai shi cikin asibitin. Matashi ɗan shekara 18 zuwa 21 yana yin shekararsa ta ƙarshe ta karatu a can: da safe a yi ɗan darasi kan zuwa a kan lokaci da hawa mota shi kaɗai da sarrafa kuɗi da yadda ake magana da shugaba, sauran yinin kuma yana bakin aiki tare da ma'aikata, ya zagaya sassa uku kafin shekara ta ƙare. Tare da shi akwai mai horarwa a bakin aiki, wato mutumin da yake gutsuttsura aiki zuwa ƙananan matakai, wani lokaci da hotuna maimakon rubutu, yana tsaye kusa a farkon kwanaki, sannan ya riƙa ja da baya sannu a hankali har yaron ya tsaya da ƙafarsa. Wannan janyewa ita ce ƙashin bayan shirin, domin mai horarwar da ya kasa janyewa ya zama wata makarantar ce kawai.

Ma'aunin nasarar shirin ma abin lura ne, domin ba a ƙirga takardar shaida. Ana cewa an yi nasara ne idan matashin ya samu aikin da bai gaza awa 16 a mako ba, a cikin sauran jama'a, kuma a kan albashin da ake biyan kowa. An tsaurara haka ne saboda wata dokar ƙwadago ta 1938 ta halatta biyan masu nakasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi, abin da ya haifar da keɓantattun wuraren aiki inda mutum zai tsufa yana naɗe kwali a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Ba a biyan ɗaliban a lokacin horon, kuma wannan yana cikin abubuwan da ake sukar shirin da su.

Tambayar Malam gajeruwar amsa gare ta. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, aka kuma kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020, amma gurbi yana amfanar wanda ya riga ya iso bakin ƙofa ne, ba ya ɗauko yaro daga aji. Abin da ke hannun Malam tun yanzu shi ne tsohon tsarin koyon sana'a a wurin ubangida, wanda a ainihinsa horo ne a bakin aiki. Abin da ya rage shi ne makaranta ta nemi tela ko kafinta ko mai gyaran waya tun ɗalibi yana ajin ƙarshe, malamin da ya iya maganar hannu ya raka shi makwannin farko domin ya koya wa ubangidan alamomin da aikin yake buƙata, a kuma rubuta yarjejeniya kan ranar da za a fara biyansa da ranar yaye shi.

Wasiƙa ta uku, wadda ta zo daga Maraɗi a kan makafi da aikin kwamfuta, za ta jira mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.